Malam Garzali da Firijin da Ba Ya Gurnani

Ni dai tun farko ban so a sayi motar nan ba, kuma ban ɓoye ba. Ranar da maigidana Badaruddeen, Abban Muhsina, ya shigo da ita harabar gidanmu a unguwar Garrafa tana tafe tana tari, da ludayi a hannuna na fito na tsaya ina kallonsa. Mota ce mai ɗaki a ciki, irin wadda mutanen nan ke kira karafan. Akwai gado, akwai ɗan kicin, akwai banɗakin da sai ka karkace za ka shiga, sai wani firiji da bai wuce ƙuguna ba. Wani Bature abokin aikinsa ne zai koma ƙasarsu ya sakar masa ita.

Na ce, "Yanzu duk motocin Doha, wannan gyatumar ce ta yi maka?"

Ya ce za mu riƙa fita rairayi da ita in sanyi ya shigo. Sau biyu muka fita. Daga nan ta samu wuri a gindin katanga ta zauna, aka ja mata waya daga cikin gida don kada batirinta ya mutu, magunan unguwa kuma suka samu inuwa.

Ba don Malam Garzali ba, da har yau ina yi wa motar nan kallon banza.

Malam Garzali direban bas ɗin makarantar su Muhsina ne. Wata safiya ina bakin get ina yi wa yarinyar faɗa, "Ki ɗaga ƙafa mana, uwar nawa, sai sun tafi sun bar ki?" sai na ji daga cikin bas an ce, "A yi mata a hankali Hajiya, da sauran minti biyu." Da Hausa, tiryan-tiryan, irin ta mutanen gabas da Haɗeja. Na leƙa na ga dogon dattijo siriri, gemunsa ya yi furfura, da hula a kansa a kan yunifom ɗin kamfani. Kunya ta kama ni, daɗi kuma ya kama ni. Kafin wata ya ƙare ya zama mai cin tuwon Juma'a a gidanmu.

Shekararsa goma sha uku a Doha. Ya fara da gadi, sannan ya samu tuƙi. Yana kwana a wani tsohon gida a unguwar Asmak, su huɗu a ɗaki, gado kan gado, kowa da sunansa a jikin robar abincinsa. Ba mai yawan magana ba ne. Zai ci tuwonsa, ya ce Allah ya amfana, sannan ya tashi ya hau zagaye gidan da ido. In ya ga famfo na ɗiga ko ƙofa na ƙara, ba ya tambaya, sai dai ka ji shiru ka fito ka tarar an gyara. Duk shekara biyu yake zuwa gida, ya yi wata guda ya dawo.

Matarsa Inna Sanatu ba ta taɓa wuce Kano ba. Shekara huɗu ke nan da ciwon suga ya kama ta, har aka ɗora ta a kan allura safe da yamma, allurar kuwa sai a sanyi take zama. A ƙauyensu, in ka cire na asibiti da ba a sa komai a ciki sai allurar rigakafi, firiji ɗaya ne mai aiki kullum, na wani mai kanti. Can take ajiye maganinta. Kullum sau biyu sai ta yafa mayafi ta je ta yi sallama, ta jira ya sallami masu saye, sannan ya miƙo mata. Mutumin kirki ne, bai taɓa ɓata rai ba. Amma Malam Garzali in ya zo wannan wurin a labari sai ya kalli tafin hannunsa.

Bara, da sanyi ya fara shigowa, Abban Muhsina ya tsaya tsayin daka har aka samar wa Inna Sanatu bizar ziyara ta mako biyu. Sai maganar masauki ta taso. Ɗakin Asmak dai ba ya cikin lissafi. Muka ce ga ɗakin baƙinmu. Ya ƙi, ya kuma ƙi.

Ya ce wa Abban Muhsina, "Injiniya, na gode. Amma na san halinta. In ta shiga gidan nan ba za ta cire mayafi ba har ta tafi, ba za ta yi dariya da ƙarfi ba, ruwa ma sai ta nemi izini. Ta zo hutu ne ko zaman surukuta?"

Ni ce na tuna da gyatumar da ke gindin katanga. Na faɗa da wasa, sai na ga mutumin ya miƙe. Muka bi shi. Ya shiga ya duba gadon, ya buɗe taga ya rufe, ya murɗa famfo. Da ya zo kan firijin ya buɗe, sanyi ya bugi hannunsa, sai ya tsaya a durƙushe ya daɗe.

Ya ce, "Kullum haka yake?"

Abban Muhsina ya ce tunda aka saye shi bai taɓa tsayawa ba.

Ya ce, "To a nan za ta sauka. Mako biyu, ta miƙa hannu daga kan gado ta ɗauki maganinta, ba ta yi wa kowa sallama ba. Ko wannan kaɗai na yi mata, zuwan ya yi amfani."

Jirginta zai sauka ranar Asabar da safe. Ranar Litinin na shiga motar da tsintsiya da bokiti. Na wanke, na goge, na sa sababbin labulaye, na shimfiɗa zanin gadon da ni kaina ban taɓa kwana a kai ba, na turare ta da turaren wuta har magunan suka yi ƙaura. Sannan na yi wani abu da sai na yi muku bayani.

Shekarar da aka kai ni ɗakina a Kano, kwana biyu bayan Babbar Sallah, aka kawo wuta da ƙarfi kamar da gayya. Firizar kayan ɗakina, sabuwa dal, cike da naman layya, ta yi wani ƙara ta yi hayaƙi ta mutu a gabana. Na yi kuka ranar kamar an yi min rasuwa. Tun daga nan ba na yarda da soket, ko na gidan uban waye. Da za mu taho Doha, stabilizata na fara sawa a akwati, nauyinta ya sa na bar rabin daddawata da kukata a filin jirgi. Abban Muhsina ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce nan ba a ɗauke wuta, ba a kawo ta da hauka, in jefar da ƙarfen nan. Na ce to. Na kai ta sito na lulluɓe da tsohon bargo, shekara shida.

Ranar Litinin ɗin nan ina goge kabad ɗin da ke ƙarƙashin wurin wanke-wanke, na ga filogin firijin a soke kai tsaye a soket, babu wata kariya. Maganin baiwar Allah zai zauna a nan, wuta ta zo ta yi halinta fa? Na je na ɗauko stabilizata. A bayanta baki biyu ne, ɗaya an rubuta 220, ɗaya 110. Na tsaya na yi tunani irin na masu hankali. Firijin nan tsoho ne tukuf, tsoho kuwa ba a cika masa ciki, sai kaɗan-kaɗan. Na soka shi a ƙaramar lambar. Na tura ta can ƙurya, na jera tukwane a gabanta don kada mai gidan ya gani ya fara min wa'azi. Na fito ina jin daɗin kaina.

Ranar Laraba na kai zoɓo da ruwan roba zan jera. Na buɗe, na ji babu wannan sanyin da ke bugun fuska. Na taɓa bangon ciki, ɗumi kamar kabad ɗin kaya. Wallahi ko sau ɗaya stabiliza ba ta zo min a rai ba. Ai ita kariya ce, wa zai zargi kariya?

Abban Muhsina injiniya ne a wajen masu gas, kuma yana son a san haka. Ya dawo daga aiki ya naɗe hannun riga. Ya bi wayar da aka ja daga gida, lafiya lau, fitilun motar na ci, fanka na juyawa. Ya buɗe akwatin fis ya zaro su ɗaya bayan ɗaya ya ɗaga wa rana, babu wanda ya ƙone. Ya zagaya waje ya cire wani murfi mai ramuka da ke jikin motar daidai bayan firijin, ya ɗauko testa, irin sukudirebar nan mai ɗan ƙwai a gindi da kowane magidanci ke da ita a gida, ya dangwala a wayar. Ƙwan ya kama.

Ya ce, "Wuta tana zuwa. Matsalar a cikinsa take."

Firijin yana da maɓalli na juyawa zuwa gas. Washegari da safe ya juya shi ya kunna, kafin azahar ciki ya ɗau sanyi. Na ce alhamdu lillahi, a bar shi a haka mana. Ya kalle ni kamar na ce a sha guba. Ya ce shi da ya san gas, ba zai bar harshen wuta na ci a tsohuwar mota mai tsofaffin bututai ba, mutane biyu na kwance a ciki. Ya kashe, ya mayar da maɓallin kan lantarki, ya cire tukunyar gas ɗin gaba ɗaya ya kai bayan gida. Na ji haushi, amma gaskiyarsa ce.

Da la'asar ya kira wani mai gyaran firiji da na'urar sanyaya ɗaki. Mutumin ya zo da akwatin kayan aiki mai hawa uku. Ya kara kunne a jikin firijin, shiru. Ya leƙa baya yana neman baƙin tulun nan da ke gurnani a bayan kowane firiji, bai gani ba. Ya leƙa ƙasa, ya leƙa sama. Ya miƙe ya karkaɗe gwiwa ya ce wannan babu inji a cikinsa ma sam, khalas, wato shi ke nan, a sayi sabo.

Abban Muhsina ya kira Malam Garzali a waya ya faɗa masa, ya ce kada ya damu, gobe zai sayo ƙarami a ɗora a kan kujera. Ina jin muryar dattijon ta cikin wayar.

Ya ce, "Injiniya, an ce babu inji a bayansa?"

"Babu."

"Kuma ya yi sanyi da gas?"

"Ya yi."

Sannan ya ce, "Don Allah a bar min shi zuwa magaribar gobe. Motar taku ce, gadon naku ne, labule na Hajiya. Bizar ma kai ka nema. Ina so a ce a cikin ɗakin nan akwai abu ɗaya da na yi mata da hannuna. In na kasa, sai a sayo."

Ranar Juma'a ƙarfe bakwai yana bakin get. Ba akwati, ba komai, daga shi sai carbinsa. Na kawo shayi ya ce sai anjima. Ya ce in ba shi faranti mai faɗi da ruwa kaɗan. Na kawo ina mamaki. Ya ɗora farantin a cikin firijin, ya tsiyaya ruwan, ya kwantar da kai yana duban gefe da gefe. Ya ce ruwan ya kwanta daidai, motar ba ta karkace ba, wannan ba shi ne ba. Sannan ya zagaya waje ya cire murfin nan. Ya daɗe yana kallon baƙaƙen bututan da suka nannaɗe a ciki, da wani dogon gwangwani a tsaye a gefe ɗaya. Sai na ga yana murmushi irin na wanda ya haɗu da ɗan garinsu a kasuwa.

Ya ce, "Ashe kana nan. Ashe har ƙasar Larabawa ka zo."

Na ce, "Malam, da firijin kake gaisawa?"

Ya ce, "Hajiya, shekara goma sha tara na yi ina yi wa yayan wannan hidima."

A nan muka ji abin da bai taɓa faɗa mana ba a duk tuwon da ya ci a gidanmu. Kafin Doha, shi ne mai kula da firijin allurar rigakafi a ɗan asibitin ƙauyensu. A lokacin garin ba lantarki, firijin da kananzir yake aiki. Kullum da asuba zai zo ya duba lagwani, ya datse inda ya ƙone, ya goge bututun hayaƙi, ya daidaita wutar har ta zama shuɗiya, ya rubuta awon sanyi a takardar da ke manne a ƙofa. Ya ce a shekarun nan sau ɗaya tak wutar ta mutu, ranar da aka haifi 'yarsa Rukayatu, kuma bai kai awa ba ya kunna ta. Da aka kawo firiji mai aiki da hasken rana sai aka ce an gode masa. Ya koma gona, daga gona ya taho nan.

Ya nuna wa Abban Muhsina dogon gwangwanin. Ya ce irin wannan firiji ba shi da inji, shi ya sa ba ya gurnani. Da zafi yake yin sanyi. A dafa ruwan maganin da ke cikin bututan nan, ya tashi ya zagaya ya dawo, a hanyarsa ya kwashe zafin da ke ciki. Ko kananzir, ko gas, ko wata 'yar hita ta lantarki da ke soke a gindin gwangwanin, shi dai a ba shi zafi. Tunda ya yi sanyi da gas, bututan lafiyarsu ƙalau.

Ya ɗora bayan hannunsa a jikin gwangwanin ya rufe ido. Ya ɗauke, ya sake ɗorawa.

Ya ce, "Lagwani ya yi ƙasa."

Abban Muhsina ya ce, "Malam, babu lagwani a nan, lantarki ne. Ƙila hitar ce ta ƙone."

"Da ta ƙone da ya yi sanyi ƙalau. Taɓa ka ji. Da ɗumi. In yana aiki sosai ba ka iya barin hannunka a nan. Yana cin wuta, amma ba ya ƙoshi."

Mai gidan ya ɗauko testarsa ya dangwala, ƙwan ya kama, ya nuna masa da alfahari.

Malam Garzali ya ce, "Injiniya, wannan abar tana cewa akwai wuta. Ba ta cewa nawa ce. Wani yana rage masa abinci a hanya."

Ya kama wayar hitar da yatsu biyu ya fara binta. Ta shige wani rami ta koma cikin mota. Ya zagaya ya shiga, mu ma muka bi shi. Ya durƙusa, ya shafa bango, ya matsa, ya matsa, har ya tsaya a gaban kabad ɗin wanke-wanke. A daidai lokacin ne stabilizata ta faɗo min a rai. Na ce bari in je in duba shayi. Abban Muhsina yana tsaye a ƙofa, ba hanya.

Malam Garzali ya fito da tukunya ta farko. Ya fito da ta biyu. Ya fito da ta uku da murfinta. Sannan ya sa hannu biyu ya jawo stabilizata, ja, da ɗan ƙwanta yana ci, da tambarin shagon Sabon Gari har yanzu a jikinta.

Abban Muhsina ya sunkuya ya juya bayanta ya karanta a hankali, "Ɗari da goma." Ya ɗago ya dube ni. "Haulat. Ba wannan ce na ce ki jefar ba tun muna gidan Aziziya?"

Ni kuwa in kunya ta kama ni faɗa nake yi. Na ce ai ba shi aka ƙona wa firiza da naman Sallah ba. Na ce shi da yake injiniya kwana biyu yana dangwale-dangwale da sukudireba, me ya gano? Na ce firijin tsoho ne, na ba shi ƙaramar wuta don kada ta yi masa yawa, laifi ne don mutum ya ji tausayin tsoho?

Sai muka ji wani sauti. Malam Garzali ne. Ya zame ya zauna a ƙasan motar, ya jingina da gado, yana dariya har hularsa ta faɗi. Shekara uku da saninsa ban taɓa ganin haƙoransa na ciki ba sai ranar. Ya share hawaye da hannun riga ya ce, "Kaɗan-kaɗan. Allah sarki Hajiya. Kunu kika dama masa." Abban Muhsina ya yi ƙoƙarin ɗaure fuska, ya kasa. Ni ma da na ga ba mafita sai na bi su.

Da ya nutsu ya ce, "Injiniya, kada ka yi mata faɗa. Duk wanda ya zauna a gida ya san abin da ta gani. Ni ma har yau in zan fita daga ɗakinmu sai na kashe soket, yaran da muke kwana tare suna yi min dariya."

Mai gidan ya yi lissafinsa na injiniyoyi ya ce rabin wuta kashi ɗaya cikin huɗu na zafi take bayarwa, shi ya sa. Malam Garzali ya gyaɗa kai kamar an faɗa masa sunan garinsu. Ya zare filogin daga stabiliza, ya ce bismillahi, ya soka a soket. Ba abin da ya faru. Ba ƙara, ba motsi. Na ce shi ke nan? Ya ce shi ke nan, saura haƙuri. Bayan kamar minti ashirin ya kira ni waje ya ce in taɓa gwangwanin. Na taɓa na fizge hannuna.

Ya ce wannan firiji ba a yi masa gaggawa, sai ya yi awa shida ko fiye. Ya zuba ruwa a ɗan kofin shayi ya sa a gidan ƙanƙara ya rufe, ya ce kada wanda ya buɗe. Ya kalle ni da ya faɗi haka, na ga kallon. Sannan ya nuna stabilizar ya ce in ba na so a ba shi, Inna Sanatu ta tafi da ita, can tana da aiki. Na ce na ba shi, amma sai na liƙe bakin ɗari da goman nan da salatif tukuna.

Suka tafi masallaci suka dawo. Na sauke tuwon shinkafa da miyar taushe, muka shimfiɗa tabarma a inuwar motar. Na lura loma biyu ya yi ya tsame hannu, ido na kan ƙofar. Don in ɗauke masa hankali na tambaye shi yadda aka yi ya auri Inna Sanatu. Na zaci zai kauce. Sai ya gyara zama.

Ya ce da bazara ne, zafi kamar me. Ta rako yayarta rigakafin jariri, suna layi a rana, ya ga tana shirin faɗuwa. A firijin akwai robobin ƙanƙara da ake sa wa akwatin allura in za a shiga ƙauyuka. Ya ɗauko ɗaya ya naɗe a hankicinsa ya miƙa mata ya ce ta kara a wuya. Ba ta taɓa taɓa ƙanƙara ba a rayuwarta. Tana karɓa ta yi ihu ta yar, ta ce ya ƙona ta. Duk layin aka yi ta dariya. Ta yi fushi, ta ce maƙaryaci ne, ta ga wuta na ci a gindin akwatin, ta yaya wuta za ta haifi sanyi? Ya ce ta zo ta gani da idonta. Ya zagaya da ita bayan firijin ta ji zafi, ya buɗe gaba ta ji sanyi. Washegari ta dawo da ƙawayenta biyu ta nuna musu. Jibi ta dawo ita kaɗai.

Bayan la'asar ya miƙe ya ce lokaci ya yi. Ya shiga shi kaɗai. Muna waje muna jin ƙarar buɗe ƙofar firijin. Ya daɗe bai fito ba har na fara karanto addu'a. Sai ga shi ya fito da kofin a tafin hannu. Ya ƙwanƙwasa saman ruwan da farce, ya yi ƙas-ƙas. Abban Muhsina ya rungume shi, ni kuwa na rangaɗa guɗa a tsakiyar Garrafa, maƙwabta su yi ta tunanin abin da suke so. Sannan dattijon ya zauna ya cinye tuwonsa da ya huce, ya nemi ƙari.

Ranar Asabar da hantsi suka iso daga filin jirgi. Inna Sanatu gajeruwa ce mai fara'a, ta sha atamfa sabuwa da ko karin guga bai fita ba. Duk kayanta ta bari aka ɗauka, ban da wani ɗan fulas da ta rungume a ƙirji. Muka gaisa, na yi mata sannu da hanya, ta yi ta sa min albarka. Ta cire takalmi a ƙofar motar ta shiga tana taɓa labule, tana taɓa gado. Sannan ta juyo wajen mijinta ta yi ƙasa da murya, amma na ji.

Ta ce, "Malam, ƙanƙarar fulas ɗin ta narke tun a jirgi. Wane gida zan kai maganin?"

Ya durƙusa ya buɗe firijin.

Ta sa hannu ciki. Ta kara kunne a jikinsa, ta daɗe. Ta ɗago ta dube shi da wani irin kallo. Sai kawai ta fita ba takalmi, ta zagaya bayan motar, muna biye da ita, ta nemo murfin nan mai ramuka ta ɗora tafin hannunta. Iska mai zafi na fitowa. Ta rufe baki da gefen mayafi.

Ta ce, "Irin naka ne."

Ya ce, "Irin nawa ne."

"Kai ka tashe shi?"

"Ni na tashe shi."

Suka koma ciki. Ya ɓamɓaro ƙanƙarar kofin, ya naɗe a hankicinsa ya miƙa mata. Ta karɓa ta kara a wuyanta, tana dariya hawaye na zuba, ba ta yar ba. Sannan ta buɗe fulas ɗin ta jera kwalaben maganinta a ƙofar firijin ɗaya bayan ɗaya. Ta rufe. Ta sake buɗewa ta duba, ta rufe. Ta zauna a bakin gado ta miƙa hannu ta gwada, hannun ya kai.

Ta ce, "Yanzu in lokacin allura ya yi, ba wanda zan yi wa sallama?"

Ya ce, "Ba kowa."

Sai ta zare mayafinta ta ninke ta ajiye a kan filo. Na ja hannun Abban Muhsina muka fito, na turo musu ƙofar.